Taya Ce Ƙafar Babur: Tsokaci Kan Zaɓen Taya Da Sauya Ta A Ƙasar Kankiya Da Kusada

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Katsina zuwa Kano, daidai garin Kankiya, da hantsin ranar kasuwa, ya ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Babura ne ke kwararowa daga Rimaye da Kafin Soli da Tafashiya, wasu kuma daga ƙasar Kusada, ta Mawashi da Kofa da Yashe. Wani ya ɗauko buhunan gero, wani akuya, wani kuma iyalinsa kaf. A yau babur shi ne jakin manomi, shi ne dokin malamin makaranta, shi ne kuma motar da ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. To, amma in mutum ya sunkuya ya dubi ƙafafun waɗannan babura, sai gabansa ya faɗi, domin da yawa daga cikin tayoyin sun suɗe ƙwal kamar bayan ƙwarya.

Ra'ayina a wannan ɗan rubutu shi ne, mun ɗauki taya a matsayin abin da ake mora har sai ya fashe, alhali kuwa abu ce mai ƙayyadadden nauyi da ƙayyadadden wa'adi, waɗanda aka rubuta a jikinta. Wanda ya iya karanta wannan rubutu ya iya zaɓen taya, ya kuma san ranar da zai rabu da ita tun ba ta rabu da shi ba.

Abin Da Na Gani A Wurin Mai Faci

A hutun da ya wuce na kai babur ɗin yayana wurin wani dattijo mai faci a Kankiya. Ina zaune sai ga wani saurayi ya turo nasa, yana ta haɗa gumi, ya ce ya yi faci a hanyarsa ta zuwa daga wajen Kusada. Da aka zaro tub ɗin, na ƙirga faci bakwai a jikinsa. Tayar kuwa har zaren cikinta ya fara leƙowa. Dattijon ya ɗaga ta sama, ya ce, "Samari, wannan ai ta gama aikinta, sai haƙuri." Saurayin ya ce, "Baba, a dai lallaɓa mani ita, in kaka ta yi na sayi sabuwa." Aka yi faci na takwas, aka yanko ɓallin wata tsohuwar taya aka cusa daga ciki, ya ɗora buhunansa biyu ya kama hanya.

Ban ga laifin dattijon ba, don ya faɗi gaskiya. Ban kuma ga wautar saurayin ba, don aljihunsa ne ya yi magana. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne, babu ɗayanmu, har da ni mai karatun jami'a, da ya dubi rubutun da ke gefen tayar nan, balle ya san abin da yake nufi.

Darasi Daga Manyan Babura

Jefi-jefi akan ga matafiya a kan manyan baburan nan masu ruri, irin waɗanda aka ƙera domin gudu da doguwar tafiya, sun ratsa Kankiya sun nufi Katsina ko Kano. Yara kan bi su da kallo, manya kuma su ce almubazzaranci ne. Ni kuwa ina ganin akwai abin koyo a wurinsu. Mai irin wannan babur ba ya sayen taya da ka. Yakan fara tambayar kansa: wace irin hanya nake bi, wane nauyi nake ɗauka, kuma tafiyar kilomita nawa nake so tayar ta yi mani?

Dalili kuwa shi ne, masu ƙera taya kullum suna tsakanin buƙatu biyu masu karo da juna. Roba mai laushi takan kama kwalta sosai, amma tana saurin cinyewa. Roba mai tauri takan daɗe, amma riƙonta bai kai na mai laushi ba, musamman in an yi ruwa. Saboda haka ne aka ƙirƙiro wa baburan doguwar tafiya taya mai roba iri biyu: mai tauri a tsakiya inda ake takawa a miƙaƙƙiyar hanya, mai laushi a gefe inda ake kwanciya a kwana. Tun daga shekarar 1888, lokacin da wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop ya haɗa taya mai iska domin keken ɗansa a birnin Belfast, har zuwa yau, wannan ciniki tsakanin riƙo da daɗewa bai ƙare ba.

Mai Bajaj ko Jincheng a ƙasar Kusada ba ya buƙatar taya mai tsada irin tasu, amma tambayoyin nan uku nasa ne shi ma. Hasali ma hanyarsa ta fi tasu wuyar sha'ani. Yakan taso daga ƙauye cikin rairayi da ƙaya da tsidau, ya hau burji, sa'an nan ya faɗa kwalta a Gidan Mutum Ɗaya, inda zai jera da tirela da motocin haya. Da damina taɓo da santsi, da bazara kuma kwalta mai zafi kamar tanda. Wanda yawancin tafiyarsa cikin ƙasa take, taya mai manyan haƙora da zurfin zane ta fi dacewa da shi. Ɗan acaɓan cikin gari kuwa, wanda ba ya barin kwalta, mai ƙananan zane ta fi yi masa daɗin tafiya da daɗewa.

Rubutun Da Ke Jikin Taya

Bari mu ɗauki misali. A gefen tayar baya ta ƙaramin babur ana iya ganin an rubuta 3.00-17. Lamba ta farko faɗin tayar ke nan, watau inci 3. Ta biyu kuma girman wilin da za ta hau, watau inci 17. A manyan babura akan ga irin 120/70 ZR17 a gaba da 180/55 ZR17 a baya, inda lambar farko take nuna faɗi da milimita. Kowane babur da girman da maƙeransa suka ƙayyade masa. Al'adar nan ta matasa ta cusa wa babur taya mai faɗin da ya wuce ƙima domin ƙawa, tana ɓata siffar tayar a kan wili, ta kuma sa babur ya yi nauyin juyawa.

Bayan girma sai lambar nauyi da harafin gudu. In an ga 50P, to, lamba 50 tana nufin iyakar abin da tayar za ta ɗauka shi ne kilo 190, harafin P kuma yana nufin iyakar gudunta kilomita 150 cikin awa ɗaya. Lamba 45 kuwa kilo 165 ce kacal. Yanzu sai mai karatu ya yi lissafi da kansa. Babur ɗin kansa ya haura kilo 100. Ga direba. Ga buhu biyu na masara, kowanne kilo 100, kuma kusan dukan nauyinsu a kan tayar baya yake sauka. Ashe ke nan saurayin da na ba da labarinsa ya wuce iyaka ko da sabuwar taya ce fil, balle wadda zarenta ya fito. Akwai kuma alamar 4PR ko 6PR, wadda ke nuna ƙarfin jikin taya, mai ɗaukar kaya kuwa ya kamata ya nemi mai lamba babba.

Abu na uku shi ne ranar haihuwa. Tun daga shekarar 2000, galibin tayoyi suna ɗauke da lambobi huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Alal misali, 2322 na nufin an ƙera tayar a mako na 23 na shekarar 2022. Wannan yana da muhimmanci domin roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Rana da zafi sukan busar da ita, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa bincika taya duk shekara in ta kai shekara 5, kada kuma ta wuce shekara 10 ko yaya kyanta yake. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, sun sha faɗakar da direbobi a kan wa'adin shekara 4. A ƙasa mai zafi irin tamu, inda ake rataye taya a ƙofar shago rana tana dukanta wata da watanni, bin wa'adi mafi tsanani ya fi kusa da hankali.

Abu na huɗu shi ne alamar suɗewa. A cikin kwarin zanen taya akwai wasu 'yan tudu da aka dasa, a gefe kuma akan sa ɗan kan kibiya ko haruffan TWI don nuna inda suke. Ranar da fuskar taya ta cinye ta zo daidai da waɗannan tudu, ranar ce ta sauyawa. A Ingila doka ta hana hawan babban babur in zurfin zanen tayarsa bai kai milimita 1 ba. Zanen nan ba ado ba ne, magudanar ruwa ce. In ya shafe, ruwa kan shiga tsakanin taya da kwalta, sai a taka burki babur ya ci gaba da sulɓewa. Mu tuna, duk abin da ya haɗa babur da ƙasa wuri biyu ne, kowanne bai kai faɗin tafin hannu ba.

Hujjar Masu Cewa Talauci Ne

Na san abin da wasu 'yan'uwana ɗalibai za su ce: wanda ke neman na tuwon dare, ina ya ga kuɗin sabuwar taya? Wannan hujja ce mai nauyi, ba kuwa zan raina ta ba. Masana'antar Michelin ta Fatakwal ta rufe a 2007, ta Dunlop da ke Ikeja ta bi bayanta a 2008, ƙasar ta koma dogaro da tayoyin waje. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi a wannan shekara, sai farashin kayan babur ya yi tashin gwauron zabo. A irin wannan hali ne tsofaffin tayoyi da marasa inganci suke samun kasuwa, duk da cewa gwamnati ta haramta shigo da tayoyin gwanjo.

Amma fa Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Mu tara kuɗin faci takwas, da na tub ɗin da ake sauyawa, da wunin da ake asara ana tura babur daga daji, da kasuwar da ta watse kafin a iso. Mu ƙara da kuɗin ɗori ko na asibiti in tayar gaba ta fashe a kan kwalta. Talaka ne ya fi kowa buƙatar taya mai kyau, domin shi ne ba shi da abin jinya, shi ne kuma in ya kwanta gidansa duka ya kwanta. Fashewar taya ba ta san mai mulki ba. Ranar 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe. In haka ta faru ga mai ƙafa huɗu da rufin ƙarfe, ina ga mai ƙafa biyu wanda jikinsa ne bodinsa?

Daɗin daɗawa, akwai kulawar da ba ta cin ko kwabo. A auna iska da ma'auni da safe kafin taya ta ɗumama, a daina dogara ga matsawa da yatsa. Ƙarancin iska shi ke sa taya ta yi zafi, ta cinye ta gefe, ta tsinke bawul. In tayar tana da kibiya a gefe, a tabbata an ɗaura ta tana fuskantar inda wili ke juyawa. Sabuwar taya a sa mata sabon tub, kuma a bi ta a hankali a kwanakin farko, domin fuskarta tana da santsi. Kada kuma a manta da tayar gaba don ta fi ta baya daɗewa, ita ce ke riƙe da akalar babur, kuma ita ke ɗaukar mafi yawan aikin burki.

Kammalawa

Shawarata ta farko ga ƙungiyoyin 'yan acaɓa na Kankiya da Kusada take. Yadda suke adashi domin biki da suna, su buɗe na taya, kowa ya san watan da zai kwasa ya sauya tasa. Ta biyu ga masu faci, waɗanda su ne likitocin wannan sana'a. Mai faci ɗaya da ya iya karanta lambobi huɗun nan zai wayar da kan mahaya masu yawa, don kowa ta gabansa yake bi. Ta uku ga hukumomin kiyaye haɗurra da na tabbatar da ingancin kaya, su fara da shagunan da ake sayar da tayar da ta tsufa a rataye, kafin su tare talaka a kan hanya.

Ta ƙarshe kuwa gare mu take, malamaina da 'yan'uwana ɗalibai. Kusan kowanenmu a kan babur yake ƙarasawa gida in an yi hutu. Kafin ka ɗaga ƙafa ka hau, sunkuya ka dubi tayar. In ka isa gida, ka karanta wa yayanka ko ƙanenka abin da aka rubuta a jikin tasa, ka fassara masa shi da Hausar da zai gane. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kai mu gidajenmu lafiya.