Batirin Zuciya: Ranar Cire Shi da Kuɗin da Ke Biye

Zancenmu na wannan mako a kan wani abu ne wanda a da sai dai mu ji labarinsa a Turai, amma yanzu likita na iya ambata shi ga mutumin Sharabi ko Illo ko Ka'oje. Watau na'urar nan da a ke dasa wa mai ciwon zuciya a ƙirji, wadda jama'a ke kira batirin zuciya. Abin da na ke so ku riƙe shi ne, kashe kuɗinta ba ya ƙarewa ranar da aka dasa ta. Akwai ranar cirewa tana nan tafe, kuma uwargida ce za ta fi kowa jin nauyinta in ba a shirya ba.

Kada ku ce wannan ciwon tsofaffi ne kawai. Tun cikin shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka bayyana cewa wajen mace ɗaya cikin ɗari a can zuciyarta kan gaza bayan haihuwa, ta kama haki da kumburin ƙafa da tari in ta kwanta. Galibin masu gazawar zuciya magani a ke ba su. Amma akwai kaɗan waɗanda sai an haɗa musu da na'ura.

Na'urar wani ɗan akwati ne na ƙarfe, bai kai kwalin ashana kauri ba. A kan tsaga fata a ƙarƙashin ƙashin wuya a sa shi, sa'an nan a zura waya ta cikin jijiyar jini har zuwa zuciya. Wanda zuciyarsa ke jinkirin bugawa a kan sa masa waya ɗaya ko biyu. Wanda tasa ta gaza, ɓangarorinta ba su bugawa tare, a kan sa masa uku domin su daidaita.

Kun san mace ce sanadin dasa ta farko? A shekarar 1958, a birnin Sitokhom na ƙasar Suwidin, wani mutum mai suna Arne Larsson ya yi ta suma saboda zuciyarsa. Matarsa ta matsa wa likita Senning da injiniya Elmqvist lamba har suka yarda suka gwada. Ta farkon awa uku kacal ta yi ta mutu, aka sa wata. Kafin rasuwarsa a 2001, yana da shekara 86, an sa masa na'ura 26. Ku duba, ashe tun daga mutum na farko cirewa da sakewa suna cikin al'amarin. Na yanzu sun fi ƙarko nesa ba kusa ba, batirinsu kan yi shekara 5 zuwa 15, gwargwadon iri da yawan aikin da ya ke yi. Amma duk daɗewarsa, ƙarewa zai yi.

To, cirewa iri uku ce, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko, batiri ya yi sanyi. Shi batirin a rufe ya ke cikin akwatin, ba a buɗe shi, sai dai a sake akwatin ɗungum. A kan kashe wurin da allura, a tsaga, a kwance wayoyin daga tsohon a ɗaura wa sabo. In wayoyin lafiya lau su ke, ba a taɓa su. Wannan shi ne mafi sauƙi, ba a daɗewa a gadon asibiti.

Na biyu, waya ta karye ko ta daina aiki. Nan likita zai duba ko ya bar ta ya ƙara sabuwa, ko ya zare ta. Zare tsohuwar waya ba wasa ba ne, gama in ta shekara a jiki nama kan kama ta ya manne da jijiya. Sai gwani, a asibitin da ke da kayan aikin.

Na uku, wurin ya ruɓa. Alamunsa su ne ja, da kumburi, da zafi, da mugunya, da zazzaɓi, ko a ga ƙarfen ya fara leƙowa ta fata. 'Yar'uwa, in kin ga haka kada ki bari wanzami ya yi sakiya ko ƙaho, kada kuma a tsaya sayen kafso a kemis. Cutar kan bi waya ta shiga zuciya. Tilas a cire akwati da wayoyi duka, a yi kwanaki ana allurai, bayan nan a dasa sabuwa, galibi a ɗaya ɓangaren ƙirjin. Kun ga aiki biyu ke nan, kuɗi biyu, ga doguwar jinya.

Yanzu sai maganar takardar kuɗi. Da yawa daga cikinmu kunya kan hana mu tambaya, alhali matambayi ba ya ɓata. Kafin a shiga ɗakin tiyata, ki sa maigida ko ɗanki ya nemi a rubuta kome daki-daki: kuɗin na'urar kanta, na waya in za a sa sabuwa, na tiyata, na gwajin jini da hoton ƙirji, na gado, da na magani. In akwati kaɗai za a sake, bai kamata a ga kuɗin sabuwar waya a takardar ba, sai da bayani. A tambaya kuma ko jimlar ta haɗa da dasa sabuwa ko kuwa cirewa ce kaɗai. Na'urar daga waje a ke kawo ta, saboda haka farashinta na bin dala. Kuɗin da aka faɗa bara ba lalle ya zama na bana ba. A biya a wurin biya na asibiti, a karɓi rasit, kada a damƙa a hannun wani a baranda. In batiri ya mutu da wuri ƙwarai, a tambaya ko kamfanin da ya ƙera ya ba da lamuni.

Har ila yau, a 2022 aka kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa, kuma Jihar Kebbi tana da tata hukumar, KECHEMA. Mai rajista ya je tun da wuri a gaya masa abin da za su biya da wanda ba su biya. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Aminu Kano a Kano, suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya. Talaka ya kai kukansa can, ba abin kunya ba ne.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman, mu na bakin iyaka. Wani a Nijeriya aka yi masa aiki, wani a Kwatano, wani a Yamai, wani ma Masar ko Indiya. Kowane kamfani, ko Medtronic ko Biotronik ko waninsu, da injinsa na auna na'urarsa, na wannan ba ya karanta ta wancan. Ranar dasawa a kan ba da ɗan kati mai sunan kamfani da lamba da kwanan wata. Ki adana shi kamar yadda ki ke adana zinariyarki. In da Faransanci aka rubuta takardun, a riƙe su haka nan, likita zai gane lambobin. Kuma kada a fasa zuwa awo, a ƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara, ko da jiki garau ne. Injin kan nuna batiri ya kusa ƙarewa da sauran wajen wata uku, watau lokacin da za a haɗa kuɗi a nemi mota cikin natsuwa. Wanda bai zuwa awo kuwa, sai dai suma ta ba shi labari.

Saboda haka tanadi ya fara tun ranar da aka dawo gida. Ki ware zubi ɗaya na adashe, ko ki ajiye tunkiya ko 'yar karsana da sunan wannan rana, a kan ƙara buhun shinkafa in kaka ta yi kyau. Da yayyafi kogi kan cika. Shekara takwas na tanadi kaɗan-kaɗan ta fi sayar da gona a dare ɗaya.

Wasu kan tambaya, in mai na'ura ya cika, sai an tsaga an cire? A wajen likitoci babu tilas ga wanda za a rufe a ƙasa. Masu ƙona gawa su ne ke cirewa, don batirin kan fashe a wuta. A yi wa mamaci sutura yadda aka saba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba masu jinya haƙuri. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.