Yinin kasuwa cikin rabin minti

Ƴan'uwa ƴan kasuwa, kamarar bidiyo ta biki da suna tana da wani aiki da muka yi wa sakaci. A kafa ta bisa soro, ta fuskanci ƙofar kasuwa, kar a motsa ta. Bidiyo hoto 25 ne cikin sakan guda. In aka tsame hoto ɗaya a kowane minti, aka jera su a kwamfuta, awa 12 za ta ba da hoto 720, wato kallon sakan 29 kacal.

Nan za ku ga lokacin da masu saye suke cika, da lokacin da babbar mota da amalanke suke toshe hanya. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ta kuma ƙonewa a 2009. Hanyar da ta toshe wa mai saye ita ce za ta toshe wa ƴan kashe gobara.

Shugabanninmu su kai wa magajin gari wannan hoto, domin gani ya kori ji. Amma a sanar da jama'a tukuna, musamman mata masu tebur, kuma a ɗauko daga nesa, don kar a tozarta kowa.