Bindigar ƙwarai ita ce mai jure ƙura

A ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi har Tibiri, sojan da ke tsaron iyaka yana fama da ɗan ta'adda, yana kuma fama da ƙurar hunturu. Ƙura takan shiga bindiga ba sallama, ta sa ta cije daidai lokacin da ran soja ya dogara gare ta.

Amurka ta ɗanɗana wannan. A yaƙin Biyetnam bindigar M16 ta yi ta cijewa, domin an sake irin albarushinta, an kuma raba ta ba kayan gogewa. Sai a 1967 aka shiga gyara. Ƙanwarta gajera, M4, da aka jarraba ta cikin ƙura a 2007, ta cije sau 882 cikin harbi dubu 60. Daga baya aka kyautata gidan harsashinta, aka ƙara wa bututunta kauri.

Saboda haka wajibi ne mahukuntan Nijar, kafin su kashe kuɗin talakawa, su jarraba kowace bindiga cikin rairayin Dallol Mawri, su saye ta tare da mai, da kayan gyara, da horon makanikai. Bindigar da ta ƙi tashi ranar gumurzu, sanda ce mai tsada.