Tuban Muzuru a Gindin Gicciye

Akwai wata magana da maƙwabtanmu Musulmi kan zolaye mu da ita, musamman idan Ista ta gabato: "Ai ku kun huta, an riga an biya muku." Ana faɗa ana dariya, mu ma mu dara, a wuce wurin. To amma duk wanda ya zauna ya juya maganar zai ga akwai zargi a cikinta. Zargin kuwa shi ne, addinin da ya ce wani ya ɗauki laifinka ya buɗe wa ɓarawo ƙofa: ya yi ta'asa ranar Asabar, ya shiga coci ranar Lahadi, ya fito fes. Ni Kirista ne, kuma na yarda da koyarwar fansa har cikin zuciyata. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin waɗansu daga cikinmu, domin su ne suke mayar da wannan zolaya gaskiya.

Da yawa daga cikin 'yan coci sun haddace waƙoƙin fansa ba tare da sun taɓa bin diddigin koyarwar ba. Tushenta yana cikin Tsohon Alkawari. Littafin Firistoci sura ta 16 ya tsara Ranar Kafara, wadda ake yi sau ɗaya a shekara, ran goma ga wata na bakwai. Babban firist zai kawo bunsuru biyu, a jefa musu ƙuri'a. Ɗaya a yanka shi, firist ya shiga da jininsa bayan labule, cikin Wuri Mafi Tsarki, inda ba mai shiga sai shi, shi ɗin ma sai a wannan rana. Ɗayan ba a yanka shi. Firist zai ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya furta laifofin jama'a duka, sa'an nan a danƙa shi ga wani mutum ya kora shi jeji, can inda babu kowa. Jama'a na tsaye suna kallon laifinsu yana tafiya da ƙafa huɗu. Yahudawa har yau suna kiyaye ranar da azumi da addu'a, ko da yake yankan ya tsaya tun da Romawa suka rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70.

Kiristocin farko Yahudawa ne, kuma da wannan ido suka kalli gicciye. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta kawo hujja mai kaifi: hadayar da sai an maimaita ta kowace shekara, maimaitawar ita ce shaidar cewa ba ta gama aiki ba. Yesu Almasihu kuwa shi ne firist ɗin, shi ne kuma hadayar, an miƙa sau ɗaya an rufe babin. A Bisharar Markus sura ta 10, shi da bakinsa ya kira ba da ransa fansa saboda mutane da yawa.

A ƙasar da iyali kan sayar da gona da shanu su ƙulla kuɗi a buhu don a sako musu ɗa daga daji, ba sai an koya wa kowa tambayar da za ta biyo baya ba: wa aka biya? Malaman ikilisiya sun sha gumi a kanta. Orijin na Iskandariya, a ƙarni na 3, ya ce Shaiɗan ne ya karɓa, tunda shi ke riƙe da mutane. Giregori na Naziyanzus, a ƙarni na 4, ya ƙi wannan ƙememe, yana ganin cin fuska ne a ce ɗan fashi ya sami lada, ladan ma Allah kansa. Sai Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, ya kammala wani littafi a 1098 yana tambayar dalilin da ya sa Allah ya zama mutum. Amsarsa ita ce ta fi zama a kunnen mutane: mutum ne ya ci bashin amma ba shi da abin biya, Allah ke da abin biya amma ba shi ya ci ba, don haka sai wanda yake Allah ne kuma mutum ne zai iya sauke shi. Abelad na Faransa, wanda ya rasu a 1142, ya ce an manta da babban abu, wato ƙaunar da aka nuna a gicciye ita ce take narkar da zuciyar mai zunubi har ta juyo. A ƙarni na 16 Kalbin da 'yan'uwansa masu gyaran ikilisiya suka ɗora nauyin a kan hukunci, cewa Almasihu ya tsaya a gurbin mai laifi ya sha abin da ya kamace shi.

A ganina babu ɗaya a cikinsu da ya kwashe zancen duka, kowa ya kama gefe ne. Sai dai ka lura da abin da ba wanda ya faɗa a cikinsu. Babu wanda ya ce jinin Yesu ya biya wa wani kuɗin adashin da ya cinye. Bashin da suke magana a kai shi ne wanda ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa. Gonar marayu kuwa tana nan inda take, a hannun wanda ya ƙwace ta.

Littafin da ya tsara Ranar Kafara bai bar wannan a duhu ba. A farkon sura ta 6 ya yi maganar wanda ya ci amanar ajiya, ko ya yi ƙwace, ko ya tsinci kayan wani ya rantse bai gani ba. Ba a ce masa ya garzayo da rago ba. Sai ya fara mayar wa mai kaya kayansa cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, sa'an nan ya kawo rago wurin firist. Littafin Fitowa sura ta 22 ya fi haka tsanani ga wanda ya saci dabba ya yanka ko ya sayar: shanu biyar a madadin sa ɗaya, tumaki huɗu a madadin tunkiya. Wani zai ce ai wannan Tsohon Alkawari ne, mu muna ƙarƙashin alheri. To, a Matiyu sura ta 5 Yesu ne da kansa ya umarci mai kawo baiko, idan ya tuna ɗan'uwansa yana riƙe da shi a zuci, ya ajiye baikon a gaban bagadi, ya je su shirya tukuna.

Ga kuma Zakka, a Luka sura ta 19. Tun muna yara a makarantar Lahadi abin da aka fi nuna mana shi ne gajartarsa da hawansa ɓaure. An rage mana labarin. Mutumin nan shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, yana yi wa Romawa aiki, ya yi arziki da gumin 'yan garinsu, kowa ya san shi kowa ya tsane shi. Yesu ya sauka a gidansa tun bai gyara komai ba, mutane na ta gunaguni. Wannan shi ne alherin, kyauta ne, ba a nemi ko sisi ba. Amma kafin a tashi daga zaman, Zakka ya miƙe a gaban mutane ya yi alkawarin rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda kuma ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. Ka yi lissafin da kanka, ka ga abin da zai rage wa mutumin da ya shekara da shekaru yana tatsar jama'a. A nan ne Yesu ya ce ceto ya shigo gidan. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya rubuta wa wani jami'in gwamnati mai suna Makedoniyus a farkon ƙarni na 5 cewa wanda yake da halin mayar da kayan da ya ɗauka ya ƙi, tubansa na ƙarya ne. Bahaushe ya riga ya raɗa wa irin wannan suna: tuban muzuru, kaza a baki.

Yanzu a zo gida. Na halarci wata sujadar godiya inda wani attajiri ya taso daga ƙofa yana rawa har gaban bagadi, iyalinsa na biye cikin anko, 'yan Zumuntar Mata na kaɗa tulu da caki, ga buhunan shinkafa da ƙaton rago an ja shi da igiya. Ya karɓi makirfo ya ba da shaida, ya ce a dā yana cikin duhu amma jinin Yesu ya wanke shi. Aka yi ta tafi. A layi na uku matar marigayi ƙanensa tana zaune da 'ya'yanta, ba ta tafa ba, kanta a sunkuye. Rabin mutanen da ke cocin sun san filin da ya sayar na mijinta ne. A can kujerar baya kuma akwai wata yarinya da aka sa ƙarƙashin horo saboda ta yi ciki ba aure, an hana ta Jibin Ubangiji, an hana ta shiga mawaƙa. Ba ina cewa a daina horo ba ne. Ina tambaya ne yadda aka yi ma'aunin dattawan ikilisiya yake ganin cikin yarinya daga nesa, amma ba ya ganin fili sukutum.

Na san abin da masu ilimin tauhidi za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce ina neman mayar da ceto abin saye. Za su kawo ɓarawon nan da aka gicciye tare da Yesu, wanda aka yi wa alkawarin Firdausi alhali bai mayar wa kowa ko allura ba. Gaskiya ne. Hannuwansa a kafe suke, kuma kafin rana ta faɗi ya mutu. Wanda ba shi da iko, niyyarsa da furucinsa sun isa. Amma mai mota uku da ke fakewa da wannan ɓarawo, me ya kafe nasa hannun? Mayar da haƙƙi ba ya sayen gafara, shaida ce cewa gafarar ta shiga jiki. Mai sayen gafara shi ne wanda ya ƙi zuwa wurin wanda ya cuta, ya kwashi wani kaso na kuɗin ya kai ginin coci, a rubuta sunansa a jikin bango. Irin wannan ciniki ne Martin Luta ya tashi tsaye a kansa a 1517, lokacin da Yohanna Tezel yake yawo a Jamus yana sayar da takardun sassaucin hukuncin zunubi. Abin kunya ne a ce jikokin wannan gyara su ne suka sake buɗe kasuwar, an dai canza wa hajar suna zuwa baiko na musamman.

Tarihi ya nuna yadda mutum zai iya tuba ga Allah da gaske amma tuban ya daɗe bai kai ga waɗanda yake takawa ba. Jon Niyuton, wanda ya rubuta shahararriyar waƙar nan ta alheri mai ban mamaki da ake rerawa ko'ina a duniya, ya fara juyowa ga Allah ne a 1748 lokacin da guguwa ta kusa nutsar da jirginsu. Bayan haka ya ci gaba da fataucin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, har ya zama shugaban jirgi, bai bari ba sai 1754, shi ma rashin lafiya ce ta sauke shi. Yana addu'a a saman jirgi, mutane na ɗaure da sarƙa a ƙarƙashin ƙafarsa. Sai a 1788 ya fito fili ya wallafa bayanin abin da ya gani da abin da ya aikata, ya mara wa masu yaƙi da cinikin baya. Shekara arba'in ke nan tsakani. Ingila ta haramta cinikin a 1807, shekarar da ya rasu. Muna yaba masa da ya ƙarasa, amma waɗanda ya ƙetarar da su teku a waɗancan shekaru ba su dawo ba. Fasto Bonhofa na Jamus, wanda 'yan Nazi suka rataye a watan Afrilun 1945, ya kira wannan cuta alheri mai araha a littafinsa na 1937, wato a yi shelar gafara ba a nemi tuba ba.

Akwai haƙƙin da ba ya mayuwa, wannan ma a faɗe shi. Wanda ya ɓata sunan mace a gari ba zai iya bi gida-gida ya kwashe maganar ba, amma zai iya tsayawa inda ya faɗa ya ce ƙarya ya yi. Wanda ya zubar da jini a rikicin da aka yi a garuruwanmu ba zai tayar da mamaci ba, amma marayun suna nan, kuɗin makarantarsu yana nan. Kayan da aka kwasa daga shagunan mutane lokacin da gari ya hargitse, na Musulmi ne ko na Kirista, har yanzu waɗansu suna cikin ɗakunan masu zuwa ibada. A kan wannan gaɓa addinan biyu ba su saɓa ba, duk da nisan da ke tsakaninsu a kan gicciye: haƙƙin mutum sai an nemi mai shi. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, ba ya kuma tsayawa a ƙofar coci.

Saboda haka ina roƙon fastocinmu da dattawan ikilisiya, kafin a raba gurasa da ƙoƙo a Jibin Ubangiji na gaba, a yi wa'azin Zakka har ƙarshensa, a kuma yi ƙarfin halin mayar wa mai kuɗi ambulan ɗinsa idan an san inda ya samo. Kai kuma ɗan'uwa, idan kana karanta wannan wani suna ya faɗo maka a rai, ka san gidansa. Ka je kafin Lahadi.