Ba A Haɗa Gudu Da Susar Ɗuwawu

Yau ba labarin soyayya na kawo ba, faɗa na zo yi da 'yan uwana marubuta, kuma wani wasan Turawa ne shaidata.

Sunansa BattleTech, kamfanin FASA na Amurka ya fara fitar da shi a 1984. A kan tebur ake yinsa, da taswira mai gida-gida da ƙwayoyi irin na ludo. Kowa zai ƙera ƙaton mutum-mutumin ƙarfe na yaƙi, mai nauyin tan 20 zuwa 100. Dokarsa ba sani ba sabo: ƙarfin inji shi ne nauyin mutum-mutumin sau yawan gidajen da yake takawa.

Dubi Charger, mai tan 80. An so ya riƙa taka gida 5, sai aka sa masa inji mai lamba 400, wanda shi kaɗai ya cinye tan 52 da rabi. Me ya rage? 'Yan ƙananan bindigogi biyar. Ga jiki har jiki, amma ba duka. Shi kuwa Awesome, shi ma tan 80 ne, amma ya haƙura da gida 3, injinsa tan 11 da rabi, ya samu wurin manyan bindigogi uku da sulke mai kauri. Locust kuma tan 20 ne, yana zura gudu har gida 12, da wuya a saita shi, amma in aka same shi ya kaɗe.

To mu fa? Jaruminmu attajiri ne, kyakkyawa, mahaddaci, likita, matuƙin jirgi, duk bai kai shekara talatin ba. Bai rasa komai ba kafin ya sami komai. Wasu za su ce ai haka masu karatu suke so. Ni ban yarda ba. Mai karatu ba ya fargaba a kan wanda ba ya iya faɗuwa, kuma inda babu fargaba babu labari.

Ni ma na yi wannan laifin a littattafaina na farko, ba na musu. Amma yanzu kafin na ba jarumi wata baiwa, sai na tambayi kaina: da me ya biya? In ɗan wasa yana lissafin kowane tan, mu masu alƙalami ina hujjarmu?

Wanda na taɓa ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.