Waiwaye: Gawon Magarya da Muhawarar Talaucin Manomin Daura

A 1934 wani masanin gandun daji ɗan Ingila, E. P. Stebbing, ya ratso arewacin Nijeriya da kudancin Nijar da rani. Ya tarar ƙasa ta yi fari fat, itatuwa sun kaɗe, iska na kwasar rairayi. Da ya koma gida sai ya rubuta a 1935 cewa Hamada na gangarowa kudu, kuma manoma da makiyaya ne ke buɗe mata hanya da sassabe da kiwo. Hankalin Turawan mulki ya tashi, Ingila da Faransa suka kafa kwamiti ya bi kan iyakar a 1936 da 1937. Kwamitin ya dawo ya ce bai ga alamar Hamada na tafiya ba. Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Rahoton kwamiti ya kwanta a ofis, zargin Stebbing kuwa ya yi ta yawo, har da fari ya afka mana daga 1972 zuwa 1974 aka sake zaro shi: talaka ne ya ja wa kansa, ya yi yawa, ya cinye daji.

Waɗanda suka fara warware wannan zance su ne masu binciken da suka yarda su zauna a ƙauye. Polly Hill ta zauna a Batagarawa, ta fitar da littafinta a 1972. Ta nuna cewa manoman gari ɗaya ba ɗaya suke ba. Akwai mai rumbu uku, akwai wanda bashi ke tilasta wa sayar da geronsa da kaka a araha, ya dawo ya saye shi da tsada a tsakiyar damina, ya bar gonarsa ciyawa na ci ya tafi ƙodago gonar wani. Michael Watts ya yi nasa aikin a Kaita, littafinsa ya fito a 1983. Ya bi diddigin yunwar Kakalaba ta 1914, ya ce rashin ruwa kaɗai bai isa ya kashe mutane haka ba. Harajin tsabar kuɗi da noman gyaɗa don kasuwar waje su ne suka raunana tsohon tsarin ajiyar hatsi da taimakon juna. Duk wanda ya tashi a Sandamu ko Baure ya san wannan lissafi tun kafin a sa shi a littafi.

Babbar shaidar kuwa tana nan daf da mu. Ka tsallaka Kwangwalam ka nufi Matamai, ko ka fita ta ƙasar Baure zuwa Magarya, ka dubi gonaki. Gawo ne tsaye jere a inda aka ce Hamada za ta binne. Ba gwamnati ce ta dasa ba. Manoma ne suka daina tumɓuke tsiron da ke fitowa daga kututture, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu su aske sauran, abin da ake kira sassabin zamani, wanda Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa a Maraɗi daga 1983. Gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa gero rana. Da rani ya yi inuwa, 'ya'yansa su ciyar da tumaki, takinsu ya zauna a gindinsa. Da jami'an daji suka sassauta, manomi ya tabbata icen gonarsa nasa ne, sai ya kula da shi. Masu bincike sun ƙiyasta kadada kusan miliyan 5 da suka farfaɗo haka a Nijar, a daidai yankunan da jama'a ta fi cunkushewa.

Ban ce gawo ya kori talauci ba. A 2005 yunwa ta addabi Maraɗi da Damagaram alhali hatsi na jibge a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Ice na gyara ƙasa, farashi da bashi kuwa sai hukuma ta sa hannu.

Abin da ke ci mini rai shi ne, sunayen da na lissafa duk baƙi ne, kuma bincikensu ya kwana biyu. Yau Daura na da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, tana da kwalejin da ke ɗauke da sunan Dakta Yusufu Bala Usman, ga jami'o'i a Katsina. Malamai da ɗalibai, ku shiga kasuwar Mai'aduwa ku rubuta farashin gero daga kaka zuwa damina, ku ƙirga itatuwan gonakin Zango, ku tambayi magidanta wa ke bin su bashi da wane sharaɗi. Ku buga sakamakon da Hausa, a karanta shi a rediyo, manomin da aka yi binciken a kansa ya ji, ya gyara muku inda kuka kuskure.