Majalisar Landan a Bakin Ɗalibin Tudun Wada

Makalarmu ta wannan mako ta shafi ƙannenmu da 'ya'yanmu 'yan ajin ƙarshe na sakandare, amma a ƙarshe kanmu maganar za ta dawo.

Duk shekara idan bazara ta kama, jarrabawar WAEC ta ƙarato, ta NECO na biye da ita, yaranmu na Tudun Wada da sauran unguwannin Gusau, har zuwa Tsafe da Bunguɗu, sukan duƙufa bita. Cikin darussan da 'yan ɓangaren adabi da zamantakewa ke fama da su akwai darasin Gwamnati. Takarda biyu ake yi a kansa: ta zaɓen amsa mai tambayoyi 50, da ta rubutu wadda ɗalibi zai yi bayani da kansa. Kaso mai tsoka na darasin ya rataya ne a kan Ingila: yadda majalisarta take aiki, ikon Firaminista, matsayin sarki, tsarin mulkin da ba a tattara wuri ɗaya ba, sannan tsare-tsaren da Turawan mulkin mallaka suka yi mana daga 1922 zuwa 1960.

Ku tsayar da ɗaya daga cikin yaran nan ku ce ya kawo siffofi biyar na tsarin firaminista. Zai zubo su da Turanci tiryan-tiryan, ko numfashi ba zai ja ba. Daga nan ku ce masa: "To, yi wa Inna bayanin na farkon da Hausa." A nan ake yin shiru. Yaron ba daƙiƙi ba ne. An ba shi hadda ne, ba a ba shi fassara ba.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: abin da ɗalibi ya kasa faɗa da harshen da yake tunani da shi, bai mallake shi ba tukuna, aro ya yi. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Da zarar mai tsara tambaya ya juya ta, ya ce a kwatanta ko a kawo dalili maimakon a lissafo, sai haddar ta watse. Daga nan ne ake fara waige-waige a ɗakin jarrabawa, ana neman satar amsa. Kada mu manta cewa yaran jihar nan sun yi asarar lokacin karatu mai yawa, musamman a 2021 da aka rufe makarantu saboda satar ɗalibai. Wanda aka taƙaita wa lokaci ya fi kowa buƙatar hanyar da za ta zaunar masa da karatu a kai da wuri.

Abin takaicin shi ne, rabin darasin nan a ƙofar gidanmu ya faru, amma ana koyar da shi kamar labarin wata duniya. Ɗauki batun mulki ta hannun sarakuna, wanda Gwamna Lugga ya shimfiɗa. Ɗalibi zai haddace dalilan da suka sa tsarin ya yi nasara a Arewa, alhali bai san cewa a Kwatarkwashi, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, aka gwabza tsakanin rundunar Kano da sojojin Turawa a ƙarshen watan Fabrairu na 1903 ba, inda Wazirin Kano Ahmadu ya rasa ransa, makonni kaɗan kafin Sakkwato ta faɗi a watan Maris. Dutsen yana nan, duk mai bin hanyar Gusau zuwa Tsafe yana ganinsa. Yaron da aka nuna wa wannan ba zai rubuta cewa an karɓi Turawa hannu bibbiyu ba. Zai san cewa da bakin bindiga aka fara, sannan aka koma mulki ta hannun sarki da hakimi da dagaci, da Razdan da Di'o a samansu, ana tara haraji da jangali a baitulmalin En'e.

Haka nan Sardauna Ahmadu Bello. Littafin makaranta zai ce shi ne Firimiyan Jihar Arewa daga 1954, ƙarƙashin tsarin Lyttleton wanda ya mayar da Nijeriya tarayya. Abin da ba kasafai ake gaya wa yaron Gusau ba shi ne, a garinsu Sardauna ya zauna bayan an naɗa shi a 1938, yana kula da gundumomin gabashin masarautar Sakkwato. Wato mutum ɗaya ya taso daga aikin En'e a Gusau ya hau kujerar da aka kwaikwayo daga Landan. In ɗalibi ya riƙe wannan zaren, ya riƙe tarihin sauyin tsarin mulkin gaba ɗaya: 1922 tsarin Clifford ya kawo zaɓen mutum huɗu, uku a Legas ɗaya a Kalaba, Arewa kuwa ba ta cikin majalisar, 1946 tsarin Richards ya raba ƙasa yanki uku, ya ba Arewa majalisar wakilai da ta sarakuna a Kaduna, 1951 tsarin Macpherson ya faɗaɗa zaɓe ya kawo ministoci, 1954 tarayya, 1960 'yancin kai, 1963 jamhuriya, aka sauke Sarauniyar Ingila daga shugabancin ƙasa. Shekarun nan matakala ce, kowace na ɗauke da dalilin ta gabanta.

Ɓangaren Ingilar ma yana zama a kai idan aka jera shi da namu. A watan Maris na 1979 gwamnatin James Callaghan ta faɗi a majalisa da ƙuri'a ɗaya tak, 311 da 310, dole aka tafi zaɓe, Margaret Thatcher ta hau. Ba a tuhume shi da wani laifi ba, majalisa ce kawai ta janye amincewarta. A nan Gusau kuwa, a watan Fabrairu na 2022, majalisar dokokin jiha ta tsige mataimakin gwamna Mahdi Aliyu Gusau, kuma sai da aka bi matakan tuhuma da kwamitin bincike kafin a kaɗa ƙuri'a, domin haka kundinmu ya tanada. Ba muna yanke hukunci kan siyasar lamarin ba ne. Muna cewa ɗalibin da ya ajiye waɗannan biyun gefe da gefe ya gane bambancin ƙuri'ar rashin amincewa da tsigewa, kuma ba zai sake ruɗa su ba har abada. Haka in ya ji cewa a 2022 Birtaniya ta yi firaminista uku, Boris Johnson da Liz Truss da Rishi Sunak, ba tare da babban zaɓe ba, zai fahimci cewa a can jama'a 'yan majalisa suke zaɓa, shugaban jam'iyyar da ke da rinjaye shi ke kafa gwamnati.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne.

Na farko suna cewa da Turanci za a amsa jarrabawa, don haka kawo Hausa ɓata lokaci ne, zai ma ƙara raunana Turancin yaro. Gaskiya ne da Turanci za a rubuta, kuma dole ɗalibi ya riƙe kalmomin darasin da rubutunsu daidai. Amma wa ya fi iya gina jimla, wanda ya san abin da yake son faɗa ko wanda yake laluben layin da ya haddace? Mu da muka tashi a zaurukan malamai mun san tsarin: a karanto da Larabci, a fassara da Hausa, a yi sharhi. Wannan bai hana ƙasar Hausa fitar da malaman da suka wallafa littattafai da Larabci ba. Fassarar ce ma ta kai su can.

Na biyu suna cewa me ya haɗa mu da majalisar Ingila, bayan mun bar tsarinta tun juyin mulkin 1966, muka ɗauki na shugaban ƙasa irin na Amurka a 1979? Amsa ita ce tsarin bai bar mu ba. Yadda muke zaɓen ɗan majalisar Gusau da Tsafe, ko na Bunguɗu da Maru, wanda ya fi ƙuri'a ya kwashe ko da bai kai rabi ba, daga can muka gado. A zaɓen Birtaniya na 2024 jam'iyyar Labour ta samu kujeru sama da 400 cikin 650 da kusan kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'u, kuma irin wannan lissafin yana aiki a mazaɓunmu. Bugu da ƙari, a watan Fabrairu na 2024 wasu 'yan majalisar wakilai kimanin 60 sun gabatar da ƙudurin a mayar da Nijeriya tsarin firaminista. In wata rana maganar ta yi nisa, su wa za su yi wa mutanen Tsafe bayanin abin da ake shirin yi da ƙuri'arsu? Waɗannan yaran ne da ke hadda yau. Saboda haka abin da ke kan sikeli ya wuce samun kiredit.

Yanzu mu zo kan namu. Muna yawan kukan cewa rubutun Hausa ya tsaya a soyayya da kishi, amma nawa ne cikinmu suka taɓa zama suka rubuta shafi biyu masu daɗin karatu a kan rabon iko tsakanin majalisa da zartarwa da kotu? Magabatanmu ba su ji tsoron fagen ba. Sa'adu Zungur ya ɗauki muhawarar sarauta da jamhuriya ya zuba ta a waƙar Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi don mutanen gida su ga abin da ya gano. Sun ɗauki Bahaushe a matsayin wanda zai iya fahimtar komai in an yi masa bayani da kyau.

Sai dai aikin yana buƙatar taka-tsantsan, domin fassarar gaggawa ta fi rashin fassara ɓarna. Ga misalai uku. Mun saba cewa "kundin tsarin mulki", to ya za mu kira na Ingila? Kundi dai rubutacce ne a ɗaure wuri ɗaya, nasu kuwa a warwatse yake: wani a dokokin majalisa, wani a hukunce-hukuncen kotu, wani a tsofaffin takardu irin Magna Carta ta 1215 da dokar haƙƙoƙi ta 1689, wani kuma al'ada ce kawai da aka saba bi. In muka rubuta "kundin da ba a rubuta ba" mun ruɗa yaro. Gara mu ce tsarin mulkin da ba a tattara a kundi ɗaya ba. Na biyu, kiran majalisarsu ta sama "majalisar dattawa" yana sa ɗalibi ya zaci irin tamu ce mai sanatoci 109 zaɓaɓɓu, alhali 'yan waccan ba jama'a ke zaɓensu ba, kuma tun dokokin 1911 da 1949 iyakar ikonsu a kan yawancin ƙudurori shi ne jinkirtawa. Na uku, kalmar "sarki". Sarkin Ingila shugaban ƙasa ne da ke sa hannu a kan dokoki bisa shawarar ministoci, Sarkin Katsinan Gusau ko Yandoton Tsafe kuwa uban ƙasa ne da dokar jiha ta tsara matsayinsa. Kalma ɗaya, kujera daban. Marubucin da bai tsaya ya warware irin waɗannan ba, ya ƙara wa yaro wata haddar ce da Hausa.

Ga abin da muke ba wa ɗalibai shawara, ku isar musu. A ɗauki batu ɗaya a rana. A karanta da Turanci, a rufe littafi, a yi wa wani na gida bayani da Hausa har ya gane. A nemo misali ɗaya na Ingila da ɗaya na gida. Sannan a ɗauko tsohuwar tambayar jarrabawa a amsa da Turanci a rubuce, ana duba agogo. Ranar jarrabawa a karanta tambaya sau biyu, a lura ko lissafowa aka ce ko bayani ko kwatantawa, kowace hujja a ba ta jimlar da za ta tsaya a kanta. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ya bar wannan sai daren jarrabawa ya makara.

Mu kuma marubuta, ga aikin mako. Kowa ya zaɓi batu ɗaya daga manhajar, ko matsayin 'yan adawa, ko alhakin ministoci na bai ɗaya, ko tsarin Richards, ya rubuta shi da Hausa cikin kalmomi 300, ba tare da ya jefa jimlar Turanci ko ɗaya ba. A tabbatar da kowace shekara da kowane suna kafin a saki, domin kuskurenmu zai iya bin yaro har cikin takardar amsarsa. In an gama, a karanta wa ɗan aji shida, a kuma karanta wa wanda bai yi boko ba. In dukansu biyu sun gane, rubutun ya yi. In ɗaya ya yi shiru, a koma a gyara.

Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya zaunar mana da jiharmu lafiya, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.